Me ya samu Kaduna, kuma buɗe masaƙun Kakuri zai fitar da mu?

Wani matashi mazaunin Makera ne ya aiko da tambayar. Mahaifinsa ya yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, unguwar masana'antu ta Kaduna, har ranar da aka rufe ta, kuma har yau bai karɓi haƙƙinsa na sallama ba. Shi kuma ya gama difloma, yana tuƙa keke-napep na wani, kullum yana kai balas. Ya ce: "Dattawa suna ta ba mu labarin Kaduna ta da, mu kuwa tunda muka buɗe ido ba mu ga komai ba sai wahala. An yi tituna da gadoji amma aljihu wayam. Mene ne ainihin abin da ya samu garin nan? Kuma idan aka buɗe masaƙu, kamar yadda ake mana alkawari duk lokacin zaɓe, za mu fita?"

Ƙanena, Allah Ya bi wa mahaifinka haƙƙinsa, kai kuma Ya buɗa maka. Amsata a dunƙule ita ce, Kaduna gari ne da aka kafa a kan albashin wata, albashin ya janye, ba a kuma samu abin da ya maye gurbinsa ba. Tsadar haya, da yankewar bashin shago, da zaman kashe wando, har da yadda unguwanni suka rabu, duk daga nan suka tsiro ko kuma a nan suka sami taki. Masaƙu kuwa ina son a buɗe su, amma ba zan yi maka daɗin baki ba: ko an buɗe, ba za su dawo da Kadunar da mahaifinka ya sani ba.

Kano da Zariya da Katsina sun girmi zuwan Bature da ɗaruruwan shekaru. Ya same su da kasuwanninsu, da marina, da maƙera, da majema, da fatake masu kaiwa har Gwanja. Kaduna ba haka take ba. Gbagyi ne ke zaune a gefen kogin, Turawa suka ga akwai ruwa ga hanyar jirgin ƙasa, suka taso da hedikwatarsu daga Zungeru a 1917. Waɗanda suka fara cika garin su ne soja da ɗan sanda da akawu da masinja da ma'aikacin reluwe, wato duk mutanen da ke jiran ƙarshen wata. Shi ya sa ake mata kirari da garin gwamna. Da aka doshi 'yancin kai, gwamnatin Sardauna ta haɗa kai da kamfanin David Whitehead na Ingila aka kafa masaƙar Kaduna Textiles, wadda kowa ke kira KTL, ta fara aiki a 1957. A shekarun 1960 sai ga Nortex, ga Arewa Textiles mai jarin Japanawa, ga United Nigerian Textiles, wato UNTL, ta attajiran Hong Kong, wadda ta zo ta fi kowacce girma. Kamfanin ƙera makamai na DICON ya zo a 1964, jaridar New Nigerian a 1966, kamfanin harhaɗa motoci na Peugeot a 1975, matatar mai a 1980. Mutane suka yi ta kwararowa daga Binuwai da Filato da kudancin Kaduna da ƙasar Igala da Borno da Katsina, har daga kudu. Adams Oshiomhole, wanda ya zama shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa ya kuma yi gwamnan Edo, a masaƙar Arewa ya fara, kuma hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa a Kaduna take.

Abin da matasa ba su gani da idonsu ba shi ne yawan bakin da albashi ɗaya ke ciyarwa. Masaƙa ba ta barci, kashi uku ake raba yini, wasu na fita wasu na shiga. Duk lokacin canjin aiki sai ka ga titi ya cika da kekuna da masu tafiya a ƙasa, masu tuwo da masu ƙosai da mai shayi sun jera a bakin get, ga mai facin keke, ga mai gyaran takalmi, ga yaro mai tallan rake. Amma ni abin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne littafin bashi na mai shagon unguwa. Matar ma'aikaci ta aiko yarinya a ba ta gari da mai da sabulu, mai shago ya buɗe shafin gidan ya rubuta, ba ya ko ɗaga kai, domin ya san ranar da za a yi albashi. Shi ma dillalin da ke ba shi kaya daga babbar kasuwa yana ɗaga masa ƙafa saboda wannan ranar. Mai gidan haya ya yarda a biya shi wata-wata. Tela ya ɗinka kayan Sallah ko na Kirsimeti a kan alkawari. Mata suka kafa adashi, kowace ta san zubinta ba zai yanke ba. Duk wannan yarda ba don mutanen da sun fi na yanzu kirki ba ne, kamar yadda wasu dattawa ke son faɗa. Akwai ranar da kowa ya tabbata kuɗi zai shigo unguwa, ita ce ta riƙe yardar. Da ranar ta ɓace, mai shago ya rufe littafi, mai gida ya koma neman kuɗin shekara a dunƙule, adashi ya fara watsewa da rigima.

Masaƙun ba dare ɗaya suka mutu ba, kuma ba abu ɗaya ya kashe su ba. A farkon shekarun 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja, saboda haka sayo injina da kayan gyara da sinadarin rini daga waje ba wani abu ba ne. Kuɗin mai ya faɗi, gwamnatin Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, naira ta karye, duk abin da masaƙa ke sayowa daga waje ya ninka. A shekarar dai aka rushe hukumar sayen auduga tare da sauran hukumomin sayen amfanin gona. Hukumar tana da laifinta, ta daɗe tana danne manomi a farashi, amma ita ke raba iri mai kyau tana kuma tantance ingancin auduga. Da ta tafi ba a ɗora komai a madadinta ba, iri ya gauraye, manoman Funtuwa da Malumfashi da Gusau da yawa suka koma masara da waken soya. Sai matsalar wuta. NEPA ta kasa, kowace masaƙa ta koma tana samar wa kanta lantarki da janareto, tukunyar tururinta kuma tana shan baƙin mai, wanda matatar Kaduna ya kamata ta riƙa bayarwa amma ita ma yau tana aiki gobe ta tsaya. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: Nijeriya ta shiga ƙungiyar cinikayya ta duniya a 1995, a 1997 kuma aka ɗage haramcin shigo da yadi. Ko da aka sake haramtawa daga baya, hanya ta riga ta buɗe. Atamfar Sin tana sauka a Kwatano ko Lome, ta hau mota zuwa Maraɗi ko Birnin Ƙwanni, ta tsallako ta ɓarauniyar hanya, ta kwana a Kantin Kwari. Sau da yawa zanen da aka zana a Kaduna ne aka kwaikwaya, har da tambarin, ana sayar da turmin a kan kuɗin da masaƙar Kakuri ba za ta iya ko mayar da abin da ta kashe ba. Mai saye kuma ba za ka ga laifinsa ba, aljihunsa ya riga ya motse.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wasu masaƙun sun shekara da shekaru ba su sabunta injina ba lokacin da ake cin riba, kuma KTL, wadda ta zama mallakar jihohin Arewa 19, ta faɗa cikin halin kayan da kowa ke da shi amma babu mai kula da shi. Ita ta fara rufewa a 2002. Arewa da Nortex da Finetex suka bi baya, UNTL ta rufe a 2007.

Da masaƙu kaɗai ne suka tafi, da garin ya jure. Amma sauran hanyoyin albashin ma tsiyayewa suka yi. Kaduna ta daina zama hedikwatar Arewa baki ɗaya tun 1967 da aka ƙirƙiro jihohi. An cire Katsina daga jihar Kaduna a 1987. A 1991 gwamnatin tarayya ta tare a Abuja, tafiyar awa biyu zuwa uku a mota, manyan ma'aikata da 'yan kwangila da kuɗinsu suka bi ta, Kaduna ta zama wurin da ake zuwa hutun ƙarshen mako da ɗaurin aure. Reluwe ta durƙushe. Peugeot, wadda a da kowace ma'aikatar gwamnati motarta take hawa, ta kasa gogayya da motocin gwanjo na Beljiyam. Matatar mai ta shafe shekaru ba ta tace komai. Kano ma ta rasa masana'antu a Bompai da Sharaɗa da Challawa, amma tana da Kwari da Singa da Dawanau da za ta jingina da su, har ma wani ɓangare na cinikin Kwari a kan yadin da ya kashe Kakuri yake. Kaduna ba ta da irin wannan majingina.

Game da mahaifinka, ba shi kaɗai ba ne. Tsofaffin ma'aikatan KTL sun shafe sama da shekara ashirin suna bin garatutinsu, suna zanga-zanga suna kai takarda taron gwamnonin Arewa, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. Yawancin masaƙun sun rufe ne kafin tsarin fansho na adashin gata, wanda dokarsa ta zo a 2004, ya kankama, saboda haka haƙƙin ma'aikaci yana hannun kamfanin da ya mutu, ba a wani asusu na dabam ba. Shawarar da zan ba ka a nan ƙarama ce amma na ga amfaninta: ka tattara takardar ɗaukarsa aiki, da katin shaidarsa na ma'aikata, da duk wata takardar albashi ko ta sallama, ka yi musu hoto, ka kuma tabbatar sunansa na cikin jerin da ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan masaƙar ke riƙe da shi. Duk ranar da aka sayar da fili ko kadara aka ce za a biya, tantancewa ake fara yi, kuma wanda takardarsa ta ɓata shi ake fara zubarwa. Kada kuma ya ba kowa kuɗi da sunan za a gaggauta masa.

To ina mutanen suka tafi? Wasu sun koma ƙauye. Amma wanda ya shekara ashirin ko talatin a Kakuri, 'ya'yansa a nan aka haife su, gonar gado 'yan'uwa sun raba, ina zai koma? Mafi yawa acaɓa suka kama, ko gadi, ko leburanci, ko tireda a ƙofar gida. A 2014, zamanin Gwamna Ramalan Yero, aka yi dokar hana acaɓa a cikin gari, jama'a suka karkata ga keke-napep, wanda kai ka fi ni sanin yadda lissafinsa yake: ka fitar da balas ɗin mai keke, ka fitar da na mai, ka yanki tikitin ƙungiya da na hukuma, abin da ya ragu shi ne naka, ranar da keke ya kwana wurin bakanike kuma babu ko sisi. A nan ne gundarin matsalar yake. Gari yana arziki ne da abin da yake sayar wa na waje. Lokacin masaƙu, mace a Onitsha ko Kumasi ta sayi atamfa, kuɗinta ya zo ya kwana a Makera. Yanzu kai kana ɗaukar mai tireda, mai tireda tana sayar wa mai cajin waya, mai cajin waya yana sayen shayi wurin wanda zai hau kekenka gobe. Kuɗi ɗaya ne ke zagayawa, kuma kowane zagaye sai wani abu ya fice zuwa wurin mai fetur da mai shinkafa da kamfanin waya. Kowa na aiki tun asuba, babu wanda ke zaune, amma babu sabon kuɗi da ke shigowa sai albashin gwamnati da na barikin soja da na makarantu, da ɗan abin da 'yan'uwa ke aikowa daga Abuja. Shi ya sa idan na ji wani yana cewa matasan Kaduna malalata ne, sai in san bai taɓa tsayawa a Kawo ko Sabon Tasha da ƙarfe shida na safe ba.

Sannan talaka a irin wannan gari ya fi mai hali biyan tsada a kan abu ɗaya. Mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse sau ɗaya ya huta. Gidan haya a Rigasa ko Nasarawa kuwa kullum sai an tsayar da mai kura an sayi jarka biyu ko uku, in ka tara na shekara za ka riƙe baki. Mai hali ya sayi buhu lokacin kaka, talaka yana awon mudu, wani lokaci ma gwangwani, a farashin bazara. Mai hali ya sa sola, tela kuwa ko mai walda ko mai niƙa yana ƙona fetur a ƙaramin janareto, ko ya zauna jiran wuta ta zo cikin dare. Makarantar gwamnati ta cika maƙil sai a lallaɓa a kai yaro ta kuɗi mai arha, asibiti layi ya yi tsawo sai a tsaya kemis, unguwa ba tsaro sai a yi karo-karo a biya 'yan sintiri. Duk abubuwan da hukuma ya kamata ta samar a dunƙule da arha, kowane gida yana sayensu ɗai-ɗai da tsada. A kan wannan aka zo aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, dala kuma ta haura naira 1,500. An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, amma wannan na mai albashi ne. Kai da mai tireda babu wanda ya ƙara muku komai, fasinja ma raguwa ya yi, domin wanda ke hawa a da yanzu takawa yake.

Ba za a yi maganar Kaduna a tsallake rabuwar gari ba. Rikicin Shari'a na Fabrairu da Mayu 2000 ya ci rayuka sama da dubu, na gasar sarauniyar kyau ta duniya a Nuwamba 2002 ya ci sama da 200, sai kuma na bayan zaɓen 2011. Kowane rikici ya wuce sai mutane su kwashe kaya, Musulmi su nufi Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kirista su nufi Sabon Tasha da Television da Narayi da Gonin Gora, har kogin ya zama kamar iyaka. Akwai 'yan unguwanni irin su Kakuri da Barnawa da har yanzu ake cuɗanye, amma ba kamar da ba. Ana yawan kallon wannan ta fuskar addini kawai, alhali asarar dukiya ce babba. Mutum ya sayar da gidan da ya gina da gumin shekara ashirin a wulaƙance don ya tsira, ya je ɗaya ɓangaren ya tarar haya ta tashi saboda kowa can ya nufa. Mai shago ya rasa rabin masu sayensa. Bakanike ya daina zuwa unguwar da ake kiransa aiki in magariba ta kusa. Wanda zai zuba jari daga nesa ya ji sunan garin ya canza shawara. Ba na cikin masu cewa talauci kaɗai ya haddasa rikicin, akwai siyasa, akwai tsohuwar gaba da ta samo asali daga wajen birnin. Amma ka lura da shekarun: rikicin ya zo daidai lokacin da masaƙu ke sallamar mutane. Kuma ɗakin saƙa shi ne wurin da Bahaushe da Bajju da Tibi da Igala ke tsayawa kan inji ɗaya awa takwas, su ci abinci a kanti ɗaya, su yi yajin aiki tare. Da aka rufe, aka rasa babban wurin da talakan ɓangarorin biyu ke sanin juna da suna. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a da suke gaba da juna, sun yi aikin sulhu da duniya ta yaba, an kuma sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a Agusta 2002. Amma taron sulhu a otal ba ya yin abin da aiki tare na kullum ke yi. Yau akwai saurayi ɗan shekara ashirin da biyar da bai taɓa zama aji ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba.

Matsalar 'yan bindiga ta ƙara nauyi. Mutanen ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa da Igabi da Chikun sun yi ta gudowa, suna sauka a gidajen 'yan'uwa a gefen gari, ɗaki ɗaya ya zama na mutum takwas. Gonar da suka bari ita ce a da ke sauƙaƙa wa birnin farashin hatsi. Kuɗin fansa kuma yana share abin da dangi gaba ɗaya suka tara, a sayar da fili da keke da akuya, a ci bashi. Sace ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka da na jami'ar Greenfield a 2021, da harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022 wanda ya tsayar da jirgin Abuja har zuwa Disamba, sun sa hatta masu zuwa hutun ƙarshen mako sun ɗauke ƙafa na wani lokaci. Su ma 'yan sara-suka da ƙwacen waya da shaye-shayen da kake gani a lungu, ba daga sama suka faɗo ba. Da yawansu 'ya'yan gidajen da uba ya rasa abin yi ne, girmansa ya zube a idon yara, uwa ta ɗauki nauyin gida da ƙosai da wankau, babu mai lokacin tambayar yaro inda ya kwana. Matan nan su suka riƙe unguwannin masaƙu da suka mutu, amma ba kasafai ake sa su a lissafi ba in ana maganar waɗanda rufewar ta shafa.

Tituna da gadojin da ka ambata, kada mu raina su. Gwamnatin Nasir el-Rufai, daga 2015 zuwa 2023, ta faɗaɗa hanyoyi, ta sake gina gadar Kawo, ta buɗe sabbin hanyoyin da suka rage cunkoso, kai da kake tuƙi ka san bambancin. Amma titi yana sauƙaƙa kai kaya ne, ba ya ƙirƙiro kayan da za a kai. An kuma yi aikin da bashi, ciki har da dala miliyan 350 na Bankin Duniya, kuma bashin dala yana kumbura duk lokacin da naira ta faɗi. Gwamna Uba Sani da bakinsa ya faɗa a 2024 cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85. A lokaci guda an yi rusau a kasuwanni irin su Kasuwar Bacci don a sake gina su, ƙananan 'yan kasuwa da yawa ba su iya kama sabbin shagunan ba, an kuma rage ma'aikatan gwamnati har ƙungiyar ƙwadago ta yi yajin aikin da ya tsayar da garin a Mayu 2021. Ko mutum yana ganin gyaran ya zama dole ko bai zama ba, a garin da albashi ne jininsa, kowane albashi da aka yanke sai an ji shi a shagon unguwa.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. An riga an gwada. Gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu domin auduga da masaƙu, da shi UNTL ta sake buɗewa a ƙarshen 2010, amma da ma'aikatan da ba su kai ko kusa da na da ba, ta ci gaba da tangal-tangal, domin rance aka ba ta, ba a gyara wuta ba, ba a toshe fasa-ƙwauri ba. A 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi dalar gwamnati, aka kuma rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Atamfar waje ba ta ɓace daga kasuwa ba, tsada kawai ta ƙara. Injinan da suka shekara ashirin a kulle kuwa, wanda ɓarayi ba su kwance ba tsatsa ta cinye, sai dai a sayo sababbi, sababbin kuma mutum ɗaya ke kula da abin da a da sai mutum da yawa. Masaƙar zamani tana cin jari mai yawa da wuta mai yawa, ta ɗauki mutane kaɗan. Inda aikin yi yake da yawa a harkar tufa shi ne ɗinki, a nan ƙasashe irin su Bangladesh suka ɗauki miliyoyin mutane, akasari mata.

Don haka duk ɗan takarar da ya ce maka zai buɗe masaƙu, ka tambaye shi daga ina wutar za ta fito kuma nawa za a sayar da ita, wa zai noma audugar a dajin da manomi ke tsoron shiga, sannan wa zai sayi yadin. Ta ukun ita ta fi sauƙi in da gaske ake: kakin soja da na 'yan sanda da na kwastan da na masu yi wa ƙasa hidima, da kayan makaranta da zannuwan gadon asibiti, kasuwa ce da ke hannun gwamnati, kuma tun 2017 akwai umarnin shugaban ƙasa da ya ce hukumomi su fifita kayan gida. Aiwatarwa ce ta yi ƙaranci. Ta wuta kuwa, abin da ya kamata ka sa wa ido shi ne bututun iskar gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, da kuma tashar lantarki ta Kudenda mai megawat 215 da aka fara tun 2009 ta daɗe tana jan ƙafa. Ranar da gas ya isa Kakuri a farashin da masana'anta za ta iya biya, maganar buɗe masaƙa ta zama magana. Kafin nan kamfe ne.

Abin da ya fi kusa da hannu, a ganina, shi ne abin da garin ke iya sayar wa na waje a yau. Jihar Kaduna ce kan gaba a noman citta a ƙasar nan, duk da annobar da ta lalata ta a 2023, tana kuma cikin manyan masu noman masara. Mafi yawa ɗanye yake fita, ribar sarrafawa ta tafi wani wuri. Kamfanin Olam ya buɗe masana'antar abincin kaji da ƙyanƙyasa a hanyar Abuja a 2017, an buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Kakuri a 2018, irin waɗannan su ne ke jawo kuɗin waje, sai dai guda ɗaya ko biyu ba sa ɗaukar gari. Ka kuma leƙa kasuwar Panteka. Ba tare da tallafin kowa ba, maƙera da masu walda da kafintoci a can suna ƙera injin niƙa da na casa da na gyaran gyaɗa da ƙofofi da tukwane, ana zuwa saye daga jihohi maƙwabta har da Nijar, kuma kowane maigida yana da yara masu koyo a ƙarƙashinsa. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna ta fara haɗa kai da su don a riƙa ba masu sana'ar takardar shaidar ƙwarewa. Abin da ke danne su bai wuce wuta mai tsayawa da rana ba, da rumfar da ba za a tashe su gobe ba, da rancen da ba sai ka kawo takardar fili ba, da haraji ɗaya a maimakon masu rasit biyar. Waɗannan duka suna cikin ikon gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi, ba sai an jira Abuja ko wani Bature mai jari ba, kuma kuɗinsu bai kai na gada ɗaya ba. Kai da ke da difloma, in karatunka ya shafi injiniya ko lissafin kuɗi, irin waɗannan wuraren suna da hannu amma suna ƙarancin mai iya zana abu a takarda, ya fitar da farashi daidai, ya rubuta takardar neman kwangila. Ka riƙe keken da safe, da yamma ka je ka nemi maigidan da zai yarda ka zauna kusa da shi.